Amsar Takardar da Na Cika da Jan Biro

Maitumbi, Minna.

Zuwa ga 'yata Hadiza, Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ki Zungeru lami lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Na cusa ta a jakarki ne ba da saninki ba, tsakanin darduma da littattafanki, don na san da hannu da hannu na ba ki, cewa za ki yi, "Baba, ai da ka faɗa mini da baki kawai." To da bakin na kasa, shi ya sa na rubuta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don lokacin da za ki karanta wannan, jiya-jiya kika bar shi. Kin gaya mana shugabar sabuwar makarantarku ta ɗora miki aikin zaɓo kayan karatu na zamani, su waya da kwamfutar hannu da manhajoji, don yaran da haruffa ke rikice musu, wato masu irin lalurarki da ake kira disleksiya. Kin ce sau ɗaya za a saya, in an yi kuskure yaran ne za su zauna da shi. Kin nemi shawarar mamanki, kin tafi har Ketaren Gwari wajen Malama Rifkatu da ta koyar da ke a firamare, ni kuwa kin wuce ni ina zaune a kujerata da rediyona. Ban ga laifinki ba. Amma ki sani duk garin Minna da wuya ki samu wanda ya kai ni ƙwarewa a zaɓen tumun dare a wannan fanni, kuma wanda ya ɓata hanya sau da yawa yakan san inda ramuka suke. Sannan akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: shekara goma sha shida ke nan ba ki sake rubuta mini ko layi ɗaya ba. Kina rubuta wa mamanki, kina rubuta wa yayyenki, ni sai kira ko saƙon murya. Na san dalili, kuma daga nan zan fara.

Kin san aikina na tafireta a sakatariya. Abin alfaharina a duniya shi ne takarda ba ta fita daga hannuna da kuskure. Tafiretar ofis ɗinmu ta Turanci ce, ba ta da haruffanmu masu ƙugiya, saboda haka in na buga takardar Hausa sai in zare ta, in ɗauki biro, in bi ta layi-layi ina sa wa kowane ɗ da ɓ da ƙ ƙugiyarsa da hannu. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan aiki, Allah ya ba shi 'yar da b da d da ɓ da ɗ duk 'yan gida ɗaya ne a idonta. Yanzu abin dariya yake ba ni, amma a lokacin ban ga abin dariya ba.

Kina shekara goma aka tura mu Bida kwas ɗin koyon kwamfuta na wata biyu. Kika rubuto mini takarda a kan fallen littafin makaranta, mamanki ta ba direban ofis ya kawo mini. Abokin ɗakina ya leƙo ta kafaɗata, ya ga inda kika rubuta, "Kullum ina share maka bakinka," ya bushe da dariya har da riƙe ciki. Ɗakina kike nufi. Kunya ta rufe ni, na zaro jan biro na bi takardar nan kamar yadda nake bin aikin sabon akawu, na zagaye duk wani kuskure, na rubuta a ƙasa, "A sake rubutawa," na mayar wa direba. Ba ki sake rubutawa ba. Don haka abin da zan fara gaya miki shi ne, duk na'urar da za ki saya, ki duba yadda take yi wa yaro idan ya yi kuskure. Akwai manhajojin da in yaro ya kuskure sai su yi wata ƙara mai ban haushi, su watso jan zane, su nuna masa makinsa kusa da na sauran yara. Wannan ni ne aka zuba a cikin waya, ki guje ta. Ki nemi wadda za ta sake furta masa kalmar a hankali, ta bar shi ya sake gwadawa sau nawa ya ga dama, ba tare da kowa ya sani ba.

Da na dawo daga Bida sai na yanke cewa matsalar ido ce. Na kai ki aka auna, aka ce idonki garau, na ƙi yarda, na sayo miki tabarau a kasuwa. Kin yi sati biyu kina tuntuɓe da shi kafin mamanki ta ɓoye shi a cikin tukunyar da ba a girki da ita. Daga ido na koma kan lalaci, daga lalaci na koma kan taurin kai. Malama Rifkatu ce ta tare ni wata rana a bakin makaranta, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji, ta ce, "Baban Ummi, yarinyan nan kansa yana aiki fa. In na karanta masa labari, ya fi kowa ba ni amsa. Rubutu ne yana juya masa. Kai ne kana da gaggawa." Na ji haushinta har na yi kwana uku ban gaishe ta ba, alhali gaskiya ta faɗa. Kafin ki sayi komai, Ummi, ki zauna da kowane yaro ki gano inda nasa ya tsaya. Wani haɗa sauti da harafi ne ke ba shi wahala, wani yana karantawa amma layi ke ɓace masa, wani ya san amsa sarai sai dai hannunsa ba ya iya sauke ta a takarda. Ni magani na riƙa saya ban san ciwon ba.

Sai babban aikin da na tafka, wanda har yau yayyenki ke tsokanata da shi. Kina ajin farko na sakandare na shiga wani shagon waya, mai shagon ya fito da kwamfutar hannu mai jan murfi, ya ce, "Alhaji, wannan ai malami ne sukutum a cikin jaka. Wata uku kacal, in ba ta karanta maka jarida ba ka dawo mini da kayana." Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, jin Alhajin nan ya sa na saki jiki. Na hau keke na taho gida ina riƙe da kwalin a ƙirji kamar sabon jariri. Mamanki ta dube ni ta dubi kwalin, ta ce, "Malam, ka tambaye ta kafin ka sayo?" Na ce yaushe aka fara tambayar yara abin da zai amfane su.

Abin da ke ciki waƙoƙi ne da 'yan tsana masu tsalle, da taurari masu walƙiya, da muryar wata Baturiya da take magana ta hanci. Cikin sati guda kin haddace waƙoƙin duka, ƙannenki ma sun haddace, ni kaina na kama kaina ina rera ɗaya a layin karɓar albashi. Amma da na buɗe miki littafi, muna nan inda muke. Kin koyi inda za ki danna tauraro ya fito, ba ki koyi harafin ba. Kuma rabin abin ba ya buɗewa sai da data, cajinsa ba ya kai la'asar, ranar da ƙaninki ya zauna a kansa gilashin ya tsage, duk Minna aka rasa mai canza shi. Mai shagon kuwa da na koma sai ya ce ai yarinyar ce ba ta mai da hankali ba, ni kuma don rashin kunya na yarda da shi.

Ga abin da wannan kwali ya koya mini. Kada ki sayi abu don zaƙin bakin mai sayarwa, kuma duk wanda ya yanka miki wa'adin da yaro zai warke, ki yi masa sallama cikin mutunci ki fita. Ki ce a ba ki guda ɗaya ki gwada da yaran na 'yan makonni, sannan ki rufe na'urar ki buɗe musu littafi na takarda, ki ga ko abin da suka koya ya biyo su. Ki kashe data a gaban mai kayan ki ga me ya rage. Ki tambayi wa zai gyara in ta lalace, a Zungeru yake ko sai an aika Legas. Kuma kada ki ce don kina maƙwabtaka da madatsar ruwa mai ba da wutar lantarki ba za ki buƙaci ɗan abin caji na sola ba. Yawan walƙiya da kiɗa ba alamar ilimi ba ne, yaron da haruffa ke yi wa rawa ba ya buƙatar ƙarin masu rawa a kan allo.

Kin san abin da ya fara yi miki aiki? Kwalin sabulu. Malama Rifkatu ta yanke shi, ta huda masa 'yar taga mai faɗin layi ɗaya, kina ɗora shi a kan littafi kina ja ƙasa a hankali. Sannan duk yamma kina zuwa gidanta a Ketaren Gwari, tana sa ki zana harafi da yatsa a cikin tire mai yashi kina furta sautinsa, yau b kaɗai, sai ya zauna daram kafin a taɓa d. Ni da na sayo jan murfi ina ganin wannan wasan yara ne. Mamanki kuma, wadda karatunta bai wuce firamare ba, ita ta kawo dabarar a ɗauki tsohuwar wayarta a riƙa naɗar muryar yayarki tana karanta darasin gobe, ke kuma kina saurare kina bin layin da yatsa. A zangon nan kika fara cin jarrabawar tarihi da ta addini. Kada ki bari kowa ya sa ki tunanin na'ura za ta maye gurbin malamin da zai zauna ya koya wa yaro sauti ɗaya bayan ɗaya. In kuɗin da aka ware zai isa, ki rage wani abu don a koya wa sauran malamai yadda za su yi aiki da kayan, in ba haka ba a kabad ɗin shugaba za su ƙare, a lulluɓe da leda.

Ko a nan ma sai da na sa ƙafa na shure. Kina aji huɗu na sakandare yayanki ya sa miki wata manhaja a waya mai karanta rubutu da murya, tana haska kowace kalma yayin da take furta ta. Na shigo na same ki da abin sauraro a kunne, littafi a buɗe, kina murmushi. Na fizge wayar na ce wannan satar amsa ce, mai karatu da idonsa yake karatu. Ba ki yi kuka ba. Kika ce, "Baba, kai ma da ka ga rubutun hannunka ba ya sauri ai tafireta ka koma." Na fita waje na yi ta zagaya bishiyar mangwaro kamar mai neman abin da ya yar. Washegari na ajiye miki wayar a kan tabarmarki ban ba ki haƙuri ba, kuma wannan ma kuskure ne.

Za ki haɗu da iyaye irina a can, da malamai irina. Ki yi haƙuri da mu, tsoro ne ke sa mu faɗa. Ki bayyana musu cewa kayan nan iri biyu ne. Akwai wanda ke koya wa yaro karatu, akwai kuma wanda ke ɗaukar masa kaya don kada a bar shi a baya a lissafi da kimiyya kafin karatun ya zauna. Yaro yana buƙatar duka biyun. A na biyun, ki duba ko ana iya rage saurin muryar, ko ana iya ƙara girman haruffa da tazarar layi, ko ana iya sauya farin allon nan mai kashe ido zuwa launi mai sanyi. Ke ruwan ƙwai kika fi so, amma kada ki ɗauka kowa haka yake, ki bar kowane yaro ya zaɓi nasa.

Yanzu ga inda tsohon mai tafireta zai yi miki amfani, don wannan ko Malama Rifkatu ba lallai ta tuna ba. Yawancin kayan nan ba don harshenmu aka ƙera su ba. Kafin ki amince da kowace na'ura, ki rubuta mata kalmomi huɗu: bari, dari, ɓari, ɗari. Ki duba allon da kyau. Wata za ta nuna miki ɗan akwati a inda ƙugiya take, wata za ta share ƙugiyar gaba ɗaya ta mai da ɗaki daki, wata kuma ƙugiyar tata ƙanƙanuwa ce har sai an kanne ido. Sannan ki sa ta karanta su da murya. In ta furta su duka iri ɗaya, ko ta karanta Hausa kamar Baturen da ya kwana biyu a Kano, to ki bar ta a darasin Turanci kawai, na Hausa ki naɗa da muryarki ko ta wani malami. Haka ma wadda yaro ke yi wa magana tana rubutawa, ki gwada ta da bakin yaran kansu, ba da bakin mai sayarwa ba. Yaran Zungeru da yawa Hausar ma ta kasuwa ce a wurinsu, a gida wani yaren suke yi, Turancinsu kuma da irin nasa lanƙwasar. Na'urar da ba ta jin bakin yaro, shi za ta sa ya ɗauka bakinsa ne ba daidai ba.

Wani abu kuma da ban sani ba sai bara, da mamanki ta gaya mini muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ashe jan murfin nan da na tilasta miki zuwa da shi makaranta, 'yan ajinku suna kiransa allon daƙiƙai, kuma a bayan ɗakin gwaji kike ɓoye shi har a tashi. Ni ina nan ina gaya wa abokaina 'yata ce kaɗai mai kwamfuta a ajinsu. Ki zaɓi abin da ba ya nuna yaro da yatsa. In da hali, ki bar duk ajin su riƙa taɓawa, don kada ya zama tambarin wasu. Kuma tambayar nan ta mamanki da na yi wa dariya, ita ce gaba da duk abin da na rubuta a nan: ki tambayi yaran. Ku zauna a ƙasa tare, ki ce wanne ya fi muku sauƙi, wanne ke sa ku ciwon kai, wanne kuke jin kunyar riƙewa. Za su gaya miki in sun ga ba jan biro a hannunki.

Ummi, ban rubuto don in tayar miki da hankali ba. Wallahi zuciyata fari ƙal take. Ranar da kika karɓo takardar shaidar malanta na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Yarinyar da na ce ba ta da kai, yau ita aka ba amanar kawunan 'ya'yan mutane. Ina zama a ƙofar gida da yamma, masu keke suna wucewa, maƙwabta suna tambayata ina malama take, sai in ji kamar an ƙara mini tsawo. Ban taimaka yadda ya kamata ba, amma Allah ya kewaye ki da waɗanda suka fi ni hankali, na gode masa da su.

Za ki ga takardar nan da manyan haruffa na buga ta, da tazara mai yawa, a kan takarda ruwan ƙwai. Ƙugiyoyin duk na bi su da hannu kamar yadda na saba, amma da koren biro, don su fito miki sosai. A cikin ambulan akwai ɗan memori, na karanta takardar duka da muryata na naɗa, don na gwada sa wayata ta karanta sai ta mai da ni wani Bature mai mura. In kin gaji da ido ki saurara da kunne, duk karatu ne. Za ki ji tari a wuri biyu da kukan akuyar maƙwabta, ki yi haƙuri da su.

Satin da ya wuce, da kina haɗa kaya, mamanki ta buɗe akwatinta ta zaro wani fallen takarda daga ƙarƙashin zannuwanta ta miƙo mini, ta ce, "Malam, ga ajiyarka. Wannan karon ka karanta." Takardarki ce ta Bida. Na zauna na duba jan zanen nan nawa ko'ina, sai na gane abin da ban taɓa ganewa ba: na gyara takardar nan daga sama har ƙasa, amma ban karanta ta ba. A layin ƙarshe, ƙarƙashin wani ƙaton da'ira da na zana, kin rubuta, "Baba ka bawo ba wuri, ina kewarka." Yarinya ta ce in dawo da wuri tana kewata, ni kuma na amsa mata da a sake rubutawa.

To ga amsarki, ta makara da shekara goma sha shida. Na samu takardarki, Ummina, na kuma ji daɗinta ƙwarai. Da na dawo na ga ɗakin, ya sharu tas, har ƙarƙashin gado, na gani ban yaba miki ba. Na gode. Ni ma na yi kewarki a Bida, kuma tun yau da safe da na ga kayanki a ɗaure a ƙofar ɗakinki na fara wata. Ki yafe mini.

In kin samu sarari ki rubuto mini, ko layi biyu ne, da hannunki. Kada ki ba waya ta gyara miki, kada ki ba kowa ya duba. Jan biron na ba mamanki tana sa wa buhunan masara alama da shi. Ki rubuta baki a inda ɗaki yake in ya zo a haka, zan gane, don yanzu na iya karatu.

Allah ya tsare ki da tsarewarsa, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a aikinki, ya buɗe wa yaran da ke hannunki abin da ya rufe musu. Allah ya yi miki albarka duniya da lahira, ya dawo mana da ke lafiya. Mamanki tana gaishe ki, ta ce man shanun yana cikin baƙar jaka, kada ki bar shi a rana.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
mai jiran takardarki.